Aikin Dare a Kaltungo

Littafin da Baba ya bar mini ba shi da bango.
Gara ta cinye sunan mai shi, ta bar maganar.
Wani mai hikimar Rum ne, in ji Baba,
tun zamanin da masu bi ke sujada a ɓoye.
Yana zaune a aljihun farar rigata,
gefen almakashi da ɓarin goro.

Shawararsa, in na faɗe ta da bakina:
tsince duniya kamar wake a faifai,
abin da ke hannunka gefe,
abin da ya fi ƙarfinka gefe,
kada ka ɓata hawaye a kan tari na biyu.

Ta yi mini rana, ba zan yi mata butulci ba.
Shekara goma sha ɗaya ina ɗakin saran maciji.
In kaka ta yi, kububuwa ba ta hutu,
mu ma ba ma yi,
kuma hannun da ke rawa ba ya samun jijiya.
Wurin dattijon nan na koyi daidaita numfashi,
in soka allura ko da uwa na birgima a ƙasa.

Daren Talata aka kawo Ankale daga Ture,
a kan babur, ƙannensa biyu sun sa shi tsakiya.
Ƙafar ta kumbura kamar turmi,
jini na tsattsafowa daga dasashi.
Kwana uku suka ɓata wajen mai saiwa.
Duk abin da ke tarin farko na yi shi,
na kankare har gindin tukunya.
Kafin asuba ya cika.

Na fita baranda.
Dutsen Kilang na tsaye baƙi ƙirin, bai san an yi ba.
Na ce wa zuciyata, zama kamarsa mana.
Na haska littafin da fitilar waya,
dattijon ya nuna mini aro aka ba mu,
mai kaya kuwa ya zo ɗaukar kayansa.
Gaskiya ne.
Sai dai gaskiyar ta yi sanyin farantin allurai.

Daga ciki na ji muryar Afiniki, matarsa.
Ba kuka take ba, tambaya take yi:
wa zai ɗaure dawar da ya yanke ya bari a kwance?

A nan na tuna da Almasihu.
Shi ma a ƙarƙashin Rum ya yi kwanakinsa,
ƙusar sojansu ce ta huda shi.
Ranar da ya tsaya bakin kabarin amininsa
ya san sarai abin da zai yi nan ba da jimawa ba,
ita kanta mutuwar tana cikin tarinsa na farko,
duk da haka hawaye suka jiƙa masa gemu.
Bai tsaya tsinta ba.
Faifan ya rungume gaba ɗaya, da waken da tsakuwar.

Na koma ciki.
Ba ya cikin aikina, babu wanda zai rubuta shi a fayil,
amma na ɗebo ruwa a roba
na wanke ƙafar Ankale,
mai saran da mai lafiyar,
ƙasar gona tana fita daga tsakanin yatsu.
Afiniki ta riƙe mini fitila.
Ban hana idanuna ba, ita ma ba ta kau da kai ba.

Ran Asabar muka je Ture da matasan ikilisiya,
kowa da dogon takalmin roba,
muna ɗaga kara da sanda kafin mu sa hannu.
Dami goma sha bakwai.
Da za mu dawo na cire nawa takalmin
na bar wa ƙaramin ƙanen, ya ɗan yi masa yawa.

Ban jefar da littafin ba, yana nan a aljihu.
Dattijon Rum kan riƙe mini hannu in zan soka allura,
ina kuma gode masa.
In na zare ta, wani ne ke hana ni juya baya,
ya ce ja kujera, tambayi sunan yaran.